Turaren Kurata a Jikin Golan Tirela

“Fanna! Ke Fanna!”

Tun daga zaure ta jiyo muryar Ya Kashim. Tana tsugune gaban murhu tana juya icen turare cikin narkakken sukari, ludayin ya kusa suɓuce mata. Ko takalmin ƙwallo bai tsaya cirewa ba ya faɗo tsakar gida, jar jesinsa ta jiƙe sharkaf, idanunsa sun kaɗa sun yi jawur.

“Wa ya ba golan Tirela turaren gidan nan?”

Ta ɗago a hankali.

“Wane turare kuma, Ya Kashim?”

“Kar ki raina min hankali! An bugo kwana na tashi, shi ma ya tashi, fuskata ta daki ƙirjinsa... wallahi tallahi sai na ji kamar ɗakin Ya Kaka na faɗa! Ƙwallo ta wuce ta gaban goshina ban ko gan ta ba. Ɗaya da nema suka yi mana, Fanna. A gaban Baba!”

“Ai turare ya yi yawa a kasuwa...”

“Ban da wannan! Wannan haɗin ko amarya ba a sayar wa. Hannu biyu ne suka san shi a duniya. Ɗaya ga shi can ya tsufa yana rawa, ɗayan kuma naki ne.”

Kakarsu, Ya Kaka, tana kishingiɗe a tabarma da carbi a hannu. Ta ce, “Kai ne dai ka tsufa, ɗan nema. Mutum ya kasa cin ƙwallo ya dawo gida yana shinshine-shinshine.”

Bai ko kalle ta ba. Ya matso ya tsaya a kan ƙanwarsa.

“Mahdi ne ko? Jikan Yaji?”

Fanna ta sunkuyar da kai. Sukari ya fara ƙauri a tukunya ba wanda ya kula. Ta so ta yi ƙarya, ƙaryar ta ƙi fitowa, sai hawaye.

“Shi ne,” ta ce. “Kuma ina son sa.”

Ƙwas... ƙwas...

Ƙarar sanda ce a bakin zaure. Baba Saje, kakansu, wanda ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu, ashe yana tsaye ya ji komai. Ya dube ta sau ɗaya, ya ja ƙafarsa mai ciwo ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Wanda bai tashi a Potiskum ba zai ce wace irin fitina ce wannan, a tayar da jijiyoyin wuya a kan hayaƙi. Sai a yi masa uzuri, bai san Kurata da Tirela ba.

Bayan an gama yaƙin basasa samari suka dawo gida, wasu da lambar yabo, wasu da harsashi a jiki, dukansu da zuciyar da ta ƙi zama wuri ɗaya. Baba Saje ne ya tara su a filin firamaren da ke bayan katangar gidansa, ya ce tun da an ajiye bindiga sai a ɗauki tamaula. Mutanen gari suka laƙaba musu Kurata don tsokana, sunan ya bi su. Direbobi da makanikan tasha suka ce ba da su ba zaman kallo, suka kafa tasu ƙungiyar, Yaji direba ne golansu. Da manyan motoci suka cika garin sai aka koma kiran su Tirela.

Tsofaffi har gobe in an taɓo zamanin sai ka ji ajiyar zuciya. Ranar da za a kara, tun kafin La'asar ake rufe rumfuna. Daga Nangere da Mamudo ake tahowa a kan keke, wasu a ƙafa. Turakun gola na gora ne, ƙwallon kuma mai igiya ce, in ta sha ruwa sai ka ce tulu ka doka. Rabin 'yan wasa ba takalmi. Mai kalangu a wannan gefe, mai ganga a wancan, masu rake da dafaffiyar gyaɗa suna ratsa jama'a. Ko shekarun tashin hankalin nan da aka hana babur aka hana taro, har filin ya cika da ciyawar tafasa, ba su kashe gabar ba. Ranar da aka dawo da gasa Baba Saje ya dasa kujerarsa a tsakiyar layi, Alhaji Yaji ya dasa bencinsa a bayan ragar Tirela, kamar jiya suka tashi. Shekara hamsin da ɗoriya ko gaisuwa ba ta haɗa su. Kowa ya san tare suka yi soja, amma abin da ya raba su kowa da irin ƙaryar da yake shararawa.

Shi kuwa turare, Ya Kaka ce ta jawo. Tana ɗanyar amarya daga Borno aka jibge mata rigunan ƙarti a tsakar gida, ta ce ita ba za ta kwana da wannan tsami ba. Ta wanke su tas, ta kifa kwando a kan kasko ta baza su suka sha hayaƙi. Washegari Kurata suka zuba uku. Shi ke nan fa, abin da aka yi don tsabta ya zama doka. Ba Bakuraten da zai shiga fili da rigar da ba ta kwana a kwandon gidan Saje ba. Da hannun tsohuwa ya fara rawa sai ta koya wa Fanna haɗin, ita kaɗai cikin jikoki.

Mahdi kuma ƙwallo ce ta kawo shi. Bara war haka Tirela suna atisaye, tamaula ta tsallako katanga ta tarwatsa mata kwalbar humra. Sai ga sallama, dogon saurayi baƙi mai fararen haƙora, tafin hannunsa kamar faranti.

“Ku yi haƙuri, ƙwallonmu ce ta shigo.”

“Ta shigo ta yi ɓarna. Ba za ta fita ba sai mai ita ya share kwalbar nan.”

Da gatse ta faɗa. Bawan Allah ya ɗauki tsintsiya ya durƙusa ya share tsaf, har da ƙarƙashin turmi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, shi kuma ya tafi da ƙwallonsa ya bar zuciyarsa a nan. Daga baya ne ta san jikan wane ne, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Duk Juma'a sai ta ƙirƙiro ziyara gidan gwaggonta a unguwar Bolewa, can yake zuwa zance.

A can ne ta ga koriyar jesinsa a leda, tana tashin warin baƙin mai. Ta ce ba za a ce saurayin mai turare yana warin gareji ba. Ta ƙunso ta a mayafi, ta wanke, ta cusa ta cikin jajayen rigunan Kurata a kan kwando. Ta manta abin da kowace mai turare ta sani, cewa mutum ba ya jin ƙanshin gidansu sai ranar da ya ji shi a jikin baƙo.

Da safe Baba Saje ya sa aka kira ta. Ta durƙusa nesa da tabarmarsa, idanunta a kumbure.

“Fanna, ban taɓa yi wa 'ya mace dole ba, ba kuma a kanki zan fara ba. Ki kawo min ɗan dako, ki kawo min baƙo daga bayan duniya, zan ɗaura. Amma jinin Yaji... sai bayan raina.”

“Baba, me ya yi maka?”

“Ba da ke aka yi ba.”

“To ai ba da Mahdi aka yi ba shi ma...”

“Tashi ki ba ni wuri! Kuma daga yau hannunki ya fita daga rigunan yarana.”

Ya Kaka da aka ce ta karɓi aikin sai ta ɗaga hannayenta sama. “Jiya aka ce sun tsufa suna rawa. To sun tsufa.” Duk roƙon da Kashim ya yi ta ƙi ko kallon kasko.

Nan Zulkifli ya samu ƙofa. Mai shagon waya ne a bakin titi, shi ke saya wa Kurata jesi da ruwan leda, shi ya sa bakinsa ya fi na kyaftin ƙarfi. Ya daɗe yana zagayen Fanna, ita kuma ta ɗaure shi da “Yaya Zulkifli” don ya san matsayinsa. Ya kwaso turaren kanti mai fesawa ya bi 'yan wasa fis-fis, ya ce zamani ya wuce kasko. Suka je Mamudo suna atishawa aka tashi canjaras. Suka je Nangere aka lallasa su. Kurata da suka yi wa kowa nisa a teburi sai ga Tirela ta kamo su, har ta ɗara su da maki guda. Wasa ɗaya ya rage, kuma tsakaninsu ne. Kurata sai sun ci za su ɗauki kofi, Tirela kuwa ko canjaras ya ishe su.

Unguwa ta ɗora wa Fanna karan tsana. In ta fita awo yara su bi ta da “amaryar Tirela!” A gidan biki mata suka riƙa matsawa da tabarmarsu. Wata tsohuwa ta tare ta a lungu ta ce, “Yarinya, kin kwashe sa'ar unguwa kin kai tasha, Allah ya isa.” Ta dawo gida ta kifa kai a cinyar Ya Kaka ta yi kuka mai isarta. Ta rame, ta daina kwalliya, abinci sai an yi da gaske.

Ana jibi wasa, da azahar, wayarta ta yi ƙara. Ta shige madafi ta ɗauka.

“Fannata...”

“Golana.” Muryarta ta karye. “Na yi kewarka.”

“Ni ma, rabin raina. Ki saurara. Zulkifli ya zo gareji ɗazu. Ya ce Baba Saje ya rantse a gabansa, in Kurata suka ɗauki kofin bana zai sauko, zai ba ni ke. Ya ce guda ɗaya kawai zan bari ta wuce, ba wanda zai gane.”

Da a ce hankalinta na jikinta da ta tambayi kanta yaushe kura ta fara yi wa akuya hanya. Zulkifli so yake Mahdi ya saki ƙwallo, shi kuma ya bi gari da shela cewa golan Tirela ya sayar da wasa, tasha ta kore shi, gidan Saje su tofa masa yawu. Amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

“Me ka ce masa?”

“Ban ce komai ba. Fanna, tun ina yaro nake tsaron ragar nan. Kakana a bayana zai zauna...”

“Ni fa?”

Ta ƙara manna wayar a kunne ta ci gaba.

“Mahdi, kofi duk shekara ana yin wani. Ni guda ɗaya ce! Ka san abin da nake gani a unguwar nan saboda kai? Ko raga ta fi ni ne?”

“Kar ki ce haka, don Allah.”

“To ka bari. Guda ɗaya tak... don son da kake min.”

Ta daɗe tana jin numfashinsa da ƙarar guduma daga can cikin gareji.

“Na ji, masoyiyata,” ya ce a ƙarshe. “Na ji.”

Ta kashe wayar. Ta samu abin da ta roƙa, amma ko kaɗan ba ta ji daɗi ba.

Ranar wasa garin ya koma kamar zamanin da tsofaffi ke ba da labari. Tun azahar ganga ke tashi. Direbobi suka jero tireloli a bakin titi, yara suka ɗare kansu. Kashim ya fita ba tare da ya ce mata uffan ba, Baba Saje ya bi bayansa da tsohuwar hularsa ta soja. Gida ya rage daga ita sai Ya Kaka, tana ta kai-kawo tsakanin madafi da rijiya ba abin da take ɗaukowa.

“Zo nan, feronyi,” in ji tsohuwar. Haka take kiran ta da Barbarci, wato 'yata, in tausayi ya kama ta. “Wannan safa da marwa ba ta banza ba ce. Me kika ƙulla?”

Fanna ta zube gabanta ta faɗa mata komai.

Carbin ya faɗi daga hannun Ya Kaka.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yarinya, kin daɓa wa cikinki wuƙa!”

“Ya Kaka, ai in suka ci kofi Baba zai...”

“Rufe min baki ki ji abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A yaƙi harsashi ya samu kakanki a gwiwa. Yaji ne ya saɓo shi a kafaɗa ya jefa a mota, ya tuƙa cikin ruwan wuta ya fitar da shi. Da suka dawo, in ka ga ɗaya ka ga ɗayan. Ranar da aka kawo ni garin nan Yaji ne ya tuƙo motar amarya, tun daga Borno yake waƙa da muryarsa kamar ta jaki, ina kuka ina dariya cikin lulluɓi.”

Ta yi ɗan murmushi, sannan fuskarta ta canja.

“Gwiwar nan ta yi ta cin kakanki, likita ya ce ya haƙura da ƙwallo. Wasansa na ƙarshe na kofi ne, da Tirela. Ana dab da tashi aka ba Kurata fenariti, ya ce shi zai buga. Ya taho, ƙafar ta ƙi, ƙwallo ta tafi sululu, ko yaro mai tatata zai tare ta. Sai Yaji ya faɗi ɗaya gefen.”

“Da gangan?”

“Shi dai ya ce santsi ne ya kwashe shi. Da rani fa, ƙasa ƙeƙashe! Gari ya ɗauki ihu, aka ɗaga kakanki sama aka zaga da shi. Ya shigo gidan nan da kofi ya jefa shi bayan ƙofa, ya zauna a bakin gado yana kuka kamar yaro. Ya ce min, ‘Yaji ya yi min sadaka a gaban jama'a. Ya nuna wa duniya ni gurgu ne.’ Kakanki yana yafe wa wanda ya doke shi, Fanna. Wanda ya ji tausayinsa ne ba ya yafewa. Tun ranar ba ya kallon komai a fili sai hannun gola. In yaron nan ya saki ƙwallo da gangan, ko duk duniya ba ta gani ba shi zai gani.”

Fanna ta zabura ta rarumi waya. Ta kira, a kashe. Ta sake kira, a kashe.

Sai ga ƙarar usur daga bayan katanga.

Ta jawo turmi ta kifa a gindin katangar ta hau. Matan maƙwabta ma duk sun leƙo ta nasu katangun, kowacce da jan ƙyalle a hannu. Fili ya cika maƙil, ba masaka tsinke.

Kurata suka taso kamar yunwa. Kashim ya buga ta farko Mahdi ya doke ta waje. Aka bugo kwana ya cafke. Duk ƙwallon da ta nufi ragarsa sai Fanna ta runtse ido tana “Ya Allah, ba wannan ba... ba wannan ba.” Aka tafi hutu ba ci. Da aka juya, ragar Tirela ta dawo dab da katangar gidansu, aka ɗauko wa Alhaji Yaji bencinsa aka ajiye a ƙasanta, har tana ganin furfurar da ta leƙo ta ƙasan hularsa. Mahdi kuwa ga shi nan kusa, amma ya ƙi waiwayowa ko sau ɗaya.

Ta gane jira yake. Ya bar ta ne sai ƙarshe, lokacin da ba za a iya ramawa ba.

Rana ta yi ja. Alƙalin wasa ya fara duban agogo. Kashim ya yanke mutum biyu ya shiga da'ira, wani ƙaton ɗan baya ya kwashe masa ƙafa.

Fiiit!

Fenariti!

Fili ya kaure. Kashim ya tashi ya karkaɗe jiki ya dasa ƙwallo. Can a tsakiyar layi Baba Saje ya miƙe tsaye ya dogara sanda. Alhaji Yaji ya cire hula ya riƙe a hannu.

Fanna ta manta da kunya, ta manta da unguwa, ta manta 'yar gidan wa ce.

“Mahdi! Ka kama! Don girman Allah ka kama!”

Matan katanga suka juyo baki buɗe. Wata ta ce, “La'ilaha! A gidan Saje?” Ganga da kalangu da ihu suka haɗiye muryarta.

Kashim ya taho da gudu ya narka ta ƙasa-ƙasa gefen hagu, bugun da ya tara haushin wata guda.

Mahdi ya tashi.

Ta ga jikinsa ya miƙe a iska, ta ji ƙarar ƙwallo a tafin hannu, tas! Ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa sai ga shi kwance a gindin turke, ya rungume tamaula a ƙirji.

Ba a jima ba aka hura tashi. Tireloli suka saki oda gaba ɗaya har ƙasa na girgiza. Kashim ya durƙusa ya dafe kai. Matan unguwa suna salati, Fanna kuwa tana kan turmi tana kuka tana dariya, “Alhamdulillahi” kawai take maimaitawa. 'Yan Tirela suka yi tsakiyar fili da gudu wajen kofi. Golansu bai bi su ba. Ya jingina da turke ya zauna, yatsansa ɗaya ya karkace, ya kifa fuska a gwiwa kafaɗunsa suna rawa.

Ƙwas... ƙwas...

Jama'a suka dare. Baba Saje ne ya ratso fili yana jan ƙafa, bai tsaya ko'ina ba sai gaban raga. Masu ganga suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

“Tashi, yaro. Gola ba ya zama a ƙasa.”

Mahdi ya miƙe ya rusuna, ya kasa ɗaga ido.

“Wani ya ari bakina ya ci min albasa a gareji, labari ya iso ni,” in ji Baba Saje, da ƙarfi yadda na nesa za su ji. “Na yi shiru ne in ga irin hannun da ke neman jikata. To na gani.”

Zulkifli da ke tsaye cikin 'yan kwamiti ya fara laluben aljihu kamar ana kiran sa a waya, ya sulale ta bayan mutane.

Tsohon ya juya wajen benci.

“Yaji.”

“Saje.”

“Jikanka ya fi ka.”

“Santsi ne ya kwashe ni, Saje.”

“Da rani?”

Alhaji Yaji ya murza hular da ke hannunsa. Da ya ɗago idanunsa sun cika.

“Ni na ɗauko gwiwar nan a kafaɗata tana zubar jini. Me kake so in yi?”

“Ka kama! Abin da nake so ke nan, ka kama!”

“To ga shi an kama maka. Sai ka huta.”

Wani sauti ya ƙwace wa Baba Saje, ba ka ce dariya ba ba ka ce kuka ba. Ya ɗaga sanda kamar zai maka masa, sai ya zungure shi da ita a cinya.

“Matsa min, tsohon banza, ƙafata ta gaji.”

Ya zauna a bencin Tirela, a gaban duk Potiskum. Suka jera kafaɗa da kafaɗa suna kallon filin da ya cinye ƙuruciyarsu. Can Baba Saje ya ce wa Fanna, ba tare da ya ɗaga kai sama ba, “Ke kuma sauko daga turmin mutane, duk gari ya gan ki. Yaji, ku turo ranar Juma'a.”

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura. Kashim ya yi wata biyu ba ya cin abincin da ta dafa, amma ranar kai amarya shi ya fi kowa kuka, wai ƙura ce ta shiga idonsa. Matan unguwa da suka yi mata Allah ya isa su ne a gaba wajen rabon alkaki. Zulkifli ya aiko da gudummawa bai zo ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Wata safiya a ɗakinta na Bolewa, tana shafa wa Mahdi man zafi a yatsan da ya ƙi miƙewa, ta ce, “Golana, ashe muryata ta kai har raga.”

“Wace murya?”

“Da na ce ka kama mana.”

Ya dube ta da mamaki. “Kin ce in kama? Wallahi ban ji komai ba sai ganga.”

Hannunta ya tsaya cak.

“Ba ka ji ba? To... ai ka yi min alkawari za ka bari.”

“Na yi. Har Kashim ya taho da gudu niyyata in faɗi dama. Na riga na karkata ma.”

“Ka kama kana ganin ka rasa ni ke nan?”

“Shi ya sa na kasa tashi daga gindin turke.”

Ta saki hannun ta juya masa baya. “Ashe dai raga ta fi ni.”

“A'a, Fannata.” Ya juyo da ita a hankali. “Na duba ne na ga in na bari ta wuce, wanda zai zo neman aurenki ba ni ba ne, wani ne mai kama da ni. Ke kuma ba shi kika ce kina so ba.”

Sai ta kamo hannun nan mai karkataccen yatsa ta ɗora kumatunta a kai, ta bar hawayen suka zuba.